Karatun Sha'iri Da Halin Da Ƙananan Maɗaba'u Ke Ciki A Ƙasar Filifin

A watan Oktoba na shekarar 2025 ne ƙasar Filifin ta zama babbar baƙuwa a kasuwar baje kolin littattafai ta birnin Frankfurt a ƙasar Jamus, wadda babu kamarta wajen girma a duniya. Gwamnatin ƙasar ta ɗebi marubuta da masu ɗab'i ta kai su can, aka fassara littattafai da dama zuwa Jamusanci, aka yi jawabai, aka tafa. Babu mai musun cewa wannan abin alfahari ne. Amma bayan an naɗe tabarma kowa ya koma gida, tambayar da ke gaban sha'irin ƙasar tana nan inda ya bar ta, wato wane ne zai buga littafin waƙoƙinsa, wane ne zai saya, kuma shi kansa littafin wa yake karantawa?

Ƙarshen tambayar nan shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa a kansa sauran suka dogara. Sha'iri ba daga sama yake faɗowa ba. Kunnen da yake auna kari da shi, da kalmomin da suke zo masa a baka, da ma abin da yake ganin ya cancanci a yi wa waƙa, duk daga karatunsa suke tsirowa. Karatun nan kuwa ba zaɓinsa ba ne shi kaɗai, domin makaranta da kanti da laburare su ne suke ajiye masa abin da zai zaɓa a ciki. Idan littattafan waƙoƙin 'yan ƙasarsa ba su iso gabansa ba, ba zai karanta su ba, ko da kuwa ya fi kowa kishin ƙasa. A Filifin, kamar yadda za a gani, kaso mai yawa na irin waɗannan littattafai daga ƙananan maɗaba'u suke fitowa, waɗanda sau da yawa sha'iran ne da kansu suke tafiyar da su da kuɗin aljihunsu.

Ya kamata a tuna wa mai karatu yadda ƙasar take. Tsibirai ne fiye da 7,000, da harsuna fiye da ɗari, manya daga cikinsu su ne Tagalog da Sebuwano da Ilokano da Hiligainon da Bikol. Sifaniyawa sun mulke ta daga 1565 zuwa 1898, sa'an nan suka miƙa ta ga Amurka a kan dala miliyan 20. A shekarar 1901 wani jirgin ruwa mai suna Thomas ya sauke malamai Amurkawa kimanin 500 a Manila, suka bazu cikin larduna suna koyar da yara da Turanci. Daga nan Turanci ya zama harshen makaranta da ofis, bai kuma gushe ba ko bayan samun mulkin kai a 1946. Waɗanda suka yi makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai a jihohin Arewa cikin shekarun 1970 da 1980 za su tuna malaman Filifin da suka koyar da lissafi da kimiyya da Turanci. Jikokin tarbiyyar jirgin Thomas ke nan, kuma ba kowane ɗalibi ne ya taɓa jin cewa ƙasar malaminsa tana da sha'irai nata masu rubutu da harsunanta ba.

Mutumin da ya fi dacewa a fara duba karatunsa shi ne José Rizal, likitan ido, sha'iri kuma marubuci, wanda Sifaniyawa suka harbe a Manila ran 30 ga Disamba, 1896. Rizal ya sha littattafan Turai ƙwarai da gaske. Ya karanta Dumas na Faransa, ya karanta littafin nan na Harriet Beecher Stowe a kan bautar da baƙar fata a Amurka, ya juya wasan kwaikwayon Schiller na Jamus a kan William Tell zuwa Tagalog. To, amma bai tsaya nan ba. A shekarar 1887 ya tsaya gaban wata ƙungiyar masana a birnin Berlin ya gabatar da lacca da Jamusanci a kan kari da amsa-amon waƙar Tagalog, abin da ba zai yiwu ba sai ga wanda ya zauna ya yi nazarin waƙoƙin gida baiti bayan baiti. Bayan haka ya tafi Landan ya zauna a babban laburaren gidan tarihi na Ingila yana kwafe wani tsohon littafin tarihin tsibiran da Antonio de Morga ya wallafa a 1609, ya yi masa sharhi, aka buga a birnin Faris a 1890. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rizal ya iya jan na Turai ne saboda cikinsa ba fayau yake ba.

Akwai kuma wani abu a tarihinsa da masu jawabi a ranakun biki ba su cika ambata ba. Littafinsa Noli Me Tangere, wanda doka ta wajabta karanta shi a makarantun ƙasar tun 1956, babu wani babban kamfani da ya ɗauki nauyinsa. Rizal yana cikin matsanancin rashi a Berlin, sai abokinsa Máximo Viola ya ranta masa kuɗi, da haka aka buga kwafi 2,000 a 1887. Na biyun ma, El Filibusterismo, da aka buga a Ghent ta ƙasar Beljiyam a 1891, aikin ya tsaya cik saboda kuɗi sun ƙare, sai da wani abokin, Valentín Ventura, ya kawo agaji. Wato littattafan da suka zama harsashin ƙasar, da taimakon aboki da bugun kai-da-kai suka fito, aka kuma riƙa shigo da su a ɓoye suna yawo daga hannu zuwa hannu.

Sha'irin da ya nuna iyakar inda tarbiyyar Turanci za ta iya kai mutum shi ne José García Villa, wanda aka haifa a Manila a 1908. Jami'ar Filifin ta dakatar da shi a 1929 saboda wasu waƙoƙi da aka ce sun saɓa wa kunya. A wannan lokaci ya ci kyautar gasar gajeren labari, ya yi guzuri da kuɗin ya nufi Amurka. Yana ɗalibi a New Mexico ya kafa wata 'yar mujalla mai suna Clay, wadda da injin gurza takarda ake buga ta. Karatunsa na marubutan Amurka ne, Sherwood Anderson da farko, daga baya kuma E. E. Cummings, wanda waƙoƙinsa suka sa Villa ya bar rubuta labari ya rungumi waƙa ɗungum. A 1942 wani babban kamfani a New York ya buga masa littafin waƙoƙi, manyan sha'iran Amurka da Ingila suka yaba, aka riƙa jera sunansa da nasu. Ya zauna a New York har ya rasu a 1997.

Tun a 1940 Salvador P. Lopez ya soki irin tafarkin Villa, yana ganin adabin da bai kula da halin da talaka ke ciki ba ya kauce hanya. Muhawarar ba ta mutu ba har yau, kuma ba nan ne wurin yanke ta ba. Ya kamata dai a yi wa Villa adalci: shekaru da dama ya yi yana karanta gajerun labaran da 'yan ƙasarsa suke rubutawa da Turanci, kowace shekara yana fitar da jerin waɗanda suka yi fice, marubuta kuma suna jiran jerin nan gabansu na faɗuwa. Abin lura shi ne abin da ya faru da littattafansa. Bayan 'yan shekaru Amurka ta juya ga wasu sababbi, littattafan Villa suka ɓace daga kantuna. A gida, wani marubucin wasan kwaikwayo, Alberto Florentino, shi ne ya riƙa buga waƙoƙinsa cikin shekarun 1960 a wasu 'yan littattafai masu araha da ya kira littattafan feso, da sunan kuɗin ƙasar, don ɗalibi ma ya iya saya. A Amurka kuwa wata ƙaramar maɗaba'a, Kaya Press, ita ta tono shi a 1999, sai a 2008 babban kamfanin Penguin ya biyo baya ya tattara waƙoƙinsa. Manyan kamfanoni sun karɓe shi lokacin da tauraronsa ke haskawa, suka kuma dawo bayan an share musu hanya. A tsakani, ƙananan ne suka riƙe shi.

Duk tsawon wannan zamani waƙa da harshen Tagalog tana tafiya a nata layin. Francisco Balagtas ya wallafa Florante at Laura a 1838. A 1924 aka fara balagtasan, wato muhawara cikin waƙa a gaban taron jama'a, aka raɗa mata sunansa don girmamawa. Mujallar Liwayway, da aka kafa a 1922, da 'yan uwanta na harsunan Sebuwano da Ilokano da Hiligainon, sun kai waƙa da labari gidajen da littafi mai bango bai taɓa shiga ba. Sai dai makaranta ta daɗe tana kallon wannan duka a matsayin abin nishaɗin talakawa.

A cikin waɗanda suka karya wannan ra'ayi akwai Virgilio Almario, wanda aka fi sani da laƙabin Rio Alma, haifaffen lardin Bulacan a 1944. Shi da abokansa Rogelio Mangahas da Lamberto Antonio sun tashi cikin shekarun 1960 suna karanta sababbin sha'iran Turai da Amurka, suna neman sabunta waƙar Tagalog da suke ganin ta tsufa cikin zaƙin baki da kukan soyayya. Amma karatun Almario bai miƙe ya yi gaba kawai ba, ya kuma juya baya. Ɗaya daga cikin taskokin da shi da masana irin su Bienvenido Lumbera suka duƙufa a kai shi ne wani ƙamus na Tagalog da wasu limaman Kirista biyu, Noceda da Sanlúcar, suka wallafa a 1754. Su limaman, don su nuna ma'anar kalma, sai su kawo kacici-kacici ko karin magana ko gajeriyar waƙa da suka ji a bakin mutane. Ta haka, ba da niyya ba, suka adana samfurin waƙar da ake kira tanaga, mai ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa bakwai. Sha'irin da ya karanta ƙamus kamar yadda ake karanta diwani, shi ne ya gane cewa taƙaita magana da dogaro ga siffantawa, waɗanda ake zaton sai an je Turai ake koyo, kakanninsa sun riga sun iya. A 1985 Almario ya kafa ƙungiyar LIRA, inda matasa suke fara koyon kari da amsa-amo na gargajiya kafin a sake su su yi yadda suka ga dama.

Wani zai ce, ai wannan kira na a karanta na gida ƙunci ne, adabi ba shi da fasfo, kuma tilasta wa sha'iri ya karanta maƙwabcinsa don kawai maƙwabcinsa ne zalunci ne ga basirarsa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, domin kishin ƙasa bai taɓa mai da gurguwar waƙa lafiyayya ba. Sai dai babu ɗaya daga cikin mutanen da aka ambata da ya rufe ƙofa ga littattafan waje. Abin da ake kuka da shi shi ne sikelin da ya karkata tun kafin sha'iri ya shigo kasuwa. A manyan kantunan littattafai na Manila, littattafan Amurka da Ingila ne suke cika rumfuna, kowane fanni da wurinsa, na 'yan ƙasa kuwa akan tattara su a sashe guda da ake kira Filipiniana, waƙa da tarihi da littafin girki duk wuri ɗaya, kamar baƙi a gidan ubansu. Hukumar bunƙasa littattafai ta ƙasar da kanta ta sha faɗin cewa a kan kowane littafi ɗaya da ake fitarwa waje, ana shigo da ashirin da huɗu. Ga kuma tsarin ciniki: kanti ba ya sayen littafin, ajiya yake karɓa, ya yanki kaso mai tsoka, wani lokaci kusan rabin kuɗin, ya biya bayan watanni, wanda bai fita ba kuma ya mayar wa mai shi ya sha ƙura. Littafin waƙa da ba a buga fiye da 'yan ɗaruruwa ba, ba zai iya jure wannan ba. Maɗaba'un jami'o'i suna iyakar ƙoƙarinsu, amma littattafai nawa za su iya fitarwa a shekara?

Wannan giɓi ne ƙananan maɗaba'u suke cikewa. A farkon shekarun 2000 wasu matasan sha'irai, cikinsu har da Allan Popa, suka kafa High Chair, ba don neman riba ba, suna buga waƙoƙi da Filifino da Turanci. Sha'ira Conchitina Cruz, malama a Jami'ar Filifin, wadda littafinta Dark Hours ya fito daga maɗaba'ar jami'a ya kuma ci kyautar ƙasa, ta zaɓi ta ba High Chair wasu littattafanta, ba don ta rasa mai karɓa ba. A 2010 ita da Adam David suka fara wata 'yar kasuwa da ake kira BLTX a birnin Quezon, inda marubuci yake zama bayan tebur da 'yan littattafansa, waɗansu ma da injin fotokwafi aka buga su aka ɗinke da hannu, yana sayarwa kai tsaye ga mai karatu ba tare da dillali ba. A 2015 wasu mata suka kafa Gantala Press. Sunan ba shi da haɗi da gantali, a tsohuwar Tagalog keken kaɗin zare yake nufi. Su kan buga rubutun mata manoma da ma'aikata, irin muryoyin da manyan kamfanoni ba su ga kasuwa a cikinsu ba. A birnin Naga kuma, nesa da Manila, sha'iri Kristian Sendon Cordero ya buɗe kantin littattafai mai suna Savage Mind a 2018, shi ne kuma ya juya waƙoƙin Rilke da labarin Kafka zuwa harshen Bikol. Ga amsa nan ga mai tsoron ƙunci: mutumin da ya fi kowa tsayawa kan harshen lardinsa shi ne ya kawo wa lardin Kafka.

Ba a ce ƙananan maɗaba'u ba su da aibu ba. Wasu littattafansu ba su ga mai tacewa ba, wasu kuma abokai ne suke buga na abokai suna yabon juna. Da yawa sukan mutu da zarar wanda ya kafa su ya gaji ko ya sami aiki a ƙasar waje. Mafi muni shi ne, littafin da aka buga kwafi ɗari aka sayar a dare ɗaya, bayan shekara biyar ko mai shi ba lalle ne ya sami kwafi ba, balle ɗalibin da ke Mindanao. Waɗannan aibobi, in an duba, kusan duk na rashin kuɗi ne da rashin hanyar rarrabawa, maganinsu kuma mai saye ne.

To, ina hukuma a cikin wannan? Nan ne ake bukatar hattara, domin tarihin ƙasar ya nuna haɗarin sha'iri ya jingina da fada. Bayan Shugaba Ferdinand Marcos ya kafa dokar soja a watan Satumba na 1972, an rufe jaridu, sai waɗanda gwamnati ta amince da su. A 1973 wata mujalla daga cikin amintattun, Focus Philippines, ta buga wata waƙa ta Turanci a kan Prometheus na tatsuniyar Girkawa, da sunan wani Ruben Cuevas. Masu tacewa suka ga waƙar masu ilmi ce, babu abin tsoro. Sai daga baya aka lura cewa haruffan farko na ɗangwayen, in an karanta su daga sama zuwa ƙasa, taken masu zanga-zanga ne da ke kiran Marcos ɗan kama-karya. Jose Lacaba ne ya rubuta ta, an kuma kama shi a 1974 aka azabtar da shi. Kada a ɗauka wannan tsohon labari ne. A watan Agusta na 2022 hukumar kula da harshen Filifino ta ba da umarnin dakatar da rarraba wasu littattafai biyar da ita da kanta ta buga, bisa zargin suna tunzura jama'a a kan gwamnati, sai da marubuta suka yi caa sa'an nan wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu suka janye. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka ba a fatan hukuma ta zama ita ce mai buga wa kowa.

Abin da ya dace da ita ya fi wannan sauƙi, kuma dokokinsa suna nan a rubuce. Tun 1994 akwai dokar da ta ce kowane birni da kowace ƙaramar hukuma su kafa laburare, kowace unguwa kuma ta sami ɗakin karatu, amma har yau wurare da yawa ba su cika ba. A 1995 aka kafa hukumar bunƙasa littattafai. Da za a ce kowane laburare na gwamnati da na makaranta ya sayi kwafi ɗaya tak na littattafan waƙa da ƙananan maɗaba'u suke fitarwa, a biya nan take, a kuma sauƙaƙa takardun da ake nema daga mai sayarwa, domin maɗaba'ar mutum uku ba ta da akawun da zai yi wata guda yana zarya a ofis, da bugu ɗaya ya biya kuɗin na gaba. Ma'aikacin da ke rubuta jerin littattafan da za a saya, da malamin da ke tsara manhaja, sun fi alƙalin gasa tasiri a kan abin da sha'irin gobe zai karanta. Kyautar Palanca, wadda aka kafa a 1950, ta ɗaukaka marubuta masu yawa, amma lambar yabo ba ta zama littafi da kanta. Abin takaici, a 2013 hukumar ilmi mai zurfi ta cire harshen Filifino da adabinsa daga darussan da suka zama tilas ga kowane ɗalibin jami'a, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 2018 da 2019. Gwamnatin da ta yi wannan a gida, ita ce ta yi hidimar zuwa Frankfurt.

Su kansu sha'iran akwai bashin da ke kansu. Ba ya kyautuwa mutum ya yi kukan ba a sayen littafinsa, alhali shi bai taɓa zare kuɗi ya sayi na ɗan uwansa ba, sai jiran kyauta. Akwai kuma shingen harshe a cikin gida. Sha'irin Tagalog a Manila zai iya ambata sha'iran Amurka goma ba tare da ya numfasa ba, amma a tambaye shi na Ilokano ko na Sebuwano ko na Musulmin Mindanao, sai ya yi ta kame-kame, in ma ya karanta su to galibi ta cikin fassarar Turanci ce. Mai rubutu da harshen lardi ya koyi Filifino da Turanci a makaranta, saboda haka yana karanta mutumin Manila, shi kuwa mutumin Manila ba ya karanta shi. Fassara daga Sebuwano zuwa Ilokano, ko daga Bikol zuwa Hiligainon, aiki ne da babban kamfani ba zai taɓa ba, don ba ya ganin riba a ciki. In za a yi shi, maɗaba'un larduna ne da 'yan ƙungiyoyin sha'irai za su yi, a littafi mai harshe biyu, shafi na kallon shafi, kwafi ɗari biyu ko uku a bugu ɗaya.